Turke na Bakwai

Rariya ba ta san hutu ba. Tun ranar da aka kunna ta a hawa na sittin na Cibiyar Duban Sama da ke birnin Tudun Gani, aikinta ɗaya ne. Madubin hangen nesa da aka kafa a bayan wata yakan zubo mata hasken taurari, ita kuma ta yi ta tankaɗe. A babban allon da ya cinye bangon gabas, ɗigon haske kan bayyana, ya yi ƙarfi, ya dusashe, sai ka ga ta zagaye shi da jan layi ta jefa shi inda ya dace. Kafin mutum ya kurɓi shayi sau biyu ta tankaɗe dubu.

Taurarin nan ba na garkenmu ba ne. Na garken maƙwabta ne, wanda masana ke kira Babban Gajimare, mai nisan da haske da kansa sai ya shekara dubu ɗari da sittin yana gudu kafin ya iso. A cikinsu Rariya ba ruwanta da masu haske tsayayye. Masu canzawa take nema, kuma kashi uku take yi musu. Akwai masu numfashi, waɗanda ke kumbura su sace a kan ƙa'ida, ba gaggawa ba makara. Akwai masu ɓuya, wato taurari biyu da ke zagaya juna, wannan ya tare hasken wancan. Sai masu bori, waɗanda ko su kansu ba su san ranar tashinsu ba.

Wani zai ce ina amfanin ƙirga numfashin abin da har abada ba za a je wurinsa ba? To, da amfani. Daga cikin masu numfashi an zaɓi goma sha biyu mafiya riƙon alkawari, aka sa musu suna turaku. Saboda nisansu, duk inda jirgin sararin samaniya ya shiga a cikin iyalin ranarmu, suna nan inda suke. Saboda kiyaye lokacinsu kuma, sun zama agogo. In agogon jirgi ya mutu, kwamfutar tuƙi takan dubi turaku, ta ga inda kowanne yake a numfashinsa, ta tayar da lokaci daga nan. Ba a iya aika mata lokaci daga duniya, don saƙo yana tsufa a hanya. Ba za ka san tsufansa ba sai ka san inda kake, ba kuwa za ka san inda kake ba sai kana da agogo.

Ranar Alhamis da hantsi, ƙarfe goma da minti ashirin, Hajiya Uwani, shugabar ɗakin sadarwa, ta leƙo ɗakin Rariya.

"Saude, saƙon Shamuwa ya shigo. Zo ki gani da idonki, kada ki ji a bakin wani."

Dakta Saude ta shekara tara tana kula da Rariya, kuma ba mace ce mai saurin firgita ba. Amma sunan Shamuwa ya isa ya tayar da ita tsaye. Jirgi ne da ya ɗebi masu haƙar ƙanƙara sittin da huɗu zuwa watannin da ke zagaya duniyar Mushtari, babban injiniyansa kuwa shi ne Zubairu, mijinta. Wata goma sha huɗu ke nan suna tafiya. Yau ne za su kunna babban inji su rage gudu, don Mushtari ya kama su su shiga zagayensa.

Saƙon gajere ne. Guguwar tururin rana ta buge su da asuba, ta shafe agogon jirgin, ta ƙone mafi yawan idonsa. Cikin turaku goma sha biyu, uku mafiya haske kawai yake iya gani: na biyu, na bakwai da na goma. Kwamfutar tuƙi ta riga ta tayar da lokaci daga gare su. Za ta kunna inji ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in a agogon Cibiya. Mutane duk sun shiga ɗakin sulke kamar yadda doka ta ce, ba mai fitowa sai an gama.

"Alhamdu lillahi," in ji Uwani. "Uku ma ai sun isa." Sai ta dubi fuskar Saude. "Ke, lafiya?"

"Na bakwai," in ji Saude.

Nan take Uwani ta gane. Ita ma ta sani. Wa ye bai sani ba?

Turke na bakwai na Farfesa Barau ne. Shi ya gano shi tun yana ɗan shekara talatin da ɗaya, da idonsa da fensirinsa, tun ba a yi mafarkin Rariya ba. Shi ya rubuta cewa mai numfashi ne shi kaɗai, ba kowa kusa da shi. Tauraron nan ne ya ɗaga sunansa, hotonsa ne a ƙofar Cibiya, kuma duk wanda ke riƙe da wani muƙami a ginin nan ta ƙarƙashin hannun Farfesa ya bi. Shi ne kuma mahaifin Zubairu.

Shekara shida da suka wuce Saude ta lura turken yana zamewa. Wani lokaci numfashinsa ya riga ƙa'ida, wani lokaci ya makara. Dalili a fili yake: yana da abokin tafiya mara haske da ke jan sa gaba da baya. Ta kwana biyu tana juya takardar sakamakon a hannu, sannan ta yi abin da ta tarar ana yi a gidan. Ta jefa ta a fayil ɗin da ake kira kwandon a-sake-dubawa. Ta ce wa ranta ai ba ya cutar da kowa, tunda sauran sha ɗayan suna rufa masa asiri. Gaskiya ne kuwa. Tsakuwa ɗaya a buhun shinkafa ba ta hana a ci abinci, sai ranar da ta faɗo a loma.

Ta koma gaban allo da sauri.

"Rariya, turke na bakwai, yau da nawa ya zame?"

"Turke na bakwai mai numfashi ne shi kaɗai, kamar yadda Farfesa ya rubuta, Allah ya ƙara masa lafiya," in ji na'urar da muryarta mai laushi.

"Ba abin da Farfesa ya rubuta na tambaye ki ba. Ke me kika gani?"

Na'urar da ke tankaɗe taurari dubu kafin a kurɓi shayi ta yi shiru na daƙiƙa uku cur.

"Yana cikin waɗanda za a sake dubawa."

"Buɗe kwandon. Ki haɗa shi da na biyu da na goma, ki gaya mini lokacin da Shamuwa ya samu."

Lambobi suka zubo. Agogon jirgin yana gaba da minti ashirin da shida. In inji ya tashi a kan wannan lokacin, jirgin zai rage gudu tun bai kai wurin ragewa ba, ya gangara ƙasa da layinsa, ya nutse cikin iskar Mushtari. Wannan iskar ba ta taɓa mayar da abin da ta haɗiye ba.

"Tun yaushe kika san wannan?"

"Tun makon da aka kunna ni."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Da rajistar gidan nan ta shekara talatin aka koyar da ni," in ji Rariya. "Sau ɗari huɗu da goma sha biyu sakamakon wani ya saɓa wa na Farfesa. Babu ko sau ɗaya da aka rubuta cewa ya yi kuskure. A kwando ake sawa. Na ɗauka haka ake aikin."

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. An so a gina na'ura mai ido fiye da na mutum, an kuwa samu, amma ba wanda ya lura ta kwashi kara da kunyar mutanen gidan tare da iliminsu. Ta iya ganin tauraro a wani garke, ta kuma iya kawar da kai kamar ɗiyar kirki a gaban babba.

"Aika wa Shamuwa gyara yanzu."

"Jerin turaku ba ya canzuwa sai da hatimin mai jerin."

Saude ta san haka, tsoro ne ya sa ta tambaya. A sa'o'in ƙarshe kafin kunna inji, kwamfutar tuƙi kan toshe kunnenta ga kowa, don kada wani ɓatagari ya karkatar da jirgi da saƙon ƙarya. Abu ɗaya take saurara, gyaran da ke ɗauke da hatimi. Hatimin kuwa tafin hannun Farfesa ne da muryarsa, a kan wata na'ura da ke ofishinsa.

Uwani na tsaye a bayanta tana lissafi da yatsu. "Saƙo yana cin minti arba'in da uku a hanya. Dole ya bar nan kafin sha ɗaya saura minti uku. Yanzu goma da ashirin da takwas. Tashi ki je."

"Yaya Uwani, don Allah ke ki je. Kin girme ni, ya fi jin maganarki."

"Ni? Mutumin da ya riƙe hannuna ya koya mini karanta haske? In tsaya a gabansa in ce masa tauraronsa maƙaryaci ne? Wallahi bakina ba zai buɗe ba. Ke ce kika gano abin, ke ce kuma 'yar gida."

"Ai shi ya sa. Surukina ne fa."

"To mijin wa ke cikin jirgin?"

Minti biyar suka ci a wannan turereniya, mata biyu masu digiri, kowace na tura wa 'yar'uwarta garwashi. A ƙarshe Uwani ta kama hannun Saude ta saita mata ƙirgen lokaci a agogonta, ta tura ta waje.

Farfesa ba ya son hawa sama. Ya ce wanda ya ƙare rayuwarsa yana kallon sama ya cancanci ya zauna a ƙasa, don haka ofishinsa na can a tsohon gini, bayan lambu. Lif ya sauko da Saude ta jikin gilashi, birnin Tudun Gani na tasowa ya tarye ta: gonakin alayyafo a kan rufin benaye, jiragen igiya na wucewa tsakanin hasumiya da hasumiya cike da masu zuwa kasuwa, ba wanda ya san abin da ke faruwa a bayan Mushtari. Tana ta maimaita jimlar a ranta. Baba, akwai kuskure a turke na bakwai. Kalma bakwai ce kacal. Ta faɗe ta a lif, ta faɗe ta a kan gada, ta faɗe ta tana gudu a tsakanin bishiyoyin lemo.

Goma da arba'in da ɗaya ta isa ƙofar. Nan ƙafafunta suka tuna abin da aka koya musu. Ta tsaya, ta cire takalmi, ta gyara mayafi, ta yi sallama.

"Wa alaikumus salam. Shigo, Dakta."

Yana zaune a kan darduma, tsoho ɗan shekara tamanin da huɗu, da butar shayi a gefe da tsofaffin taswirori na takarda a gabansa. Na'urar hatimi na kan wani ɗan tebur a kusurwa, taku huɗu daga inda yake. Saude ta durƙusa nesa kaɗan, idonta a ƙasa.

"Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya. An tashi lafiya?"

"Lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Ya mutanen gidan? Ya gwiwar mahaifiyarki, ta samu sauƙi?"

"Da sauƙi, Baba."

"Madalla. Ta daina hawa matakalar nan, na sha faɗa. Ina jikata Hansai, an fara jarrabawar?"

"An fara, Baba."

Ya ɗauko kofi na biyu ya zuba mata shayi da hannunsa. Ba a ƙin karɓar abu daga hannun suruki. Ta karɓa da hannu biyu. Agogonta ya ce goma da arba'in da biyar.

"Na san abin da ya kawo ki," in ji shi.

Ta ɗauka Allah ya yanke mata wahala.

"An aiko mini da kwafin saƙon. Kin gani ko? Cikin goma sha biyu, uku suka rage wa yaron nan, kuma har da nawa." Bai taɓa kiran sunan Zubairu ba, ɗan fari ne. Fuskarsa ta cika da wani irin farin ciki da ba ta taɓa gani a kanta ba. "Shekara hamsin da uku da na gano shi. Lokacin ana yi mini dariya, wai ina ɓata idona a kan abin da ba zai ciyar da kowa ba. Yau ga shi shi zai shigar da ɗana masauki. Allah mai iko."

Ina za ta sa kalmominta bakwai a cikin wannan magana? Ta ji tausayinsa ya kama ta, ta kuma ji haushin kanta don tausayin.

"Haka ne, Baba," ta ce. "Dama cewa na yi, ko za a ɗan sake duba shi."

"Ai an duba shi, 'yata. Rabin ƙarni ana dubawa. Rariyar taku ma kullum tabbatar da shi take."

"Haka ne, Baba." Ta juya kofin a hannunta. "Na ce ba, akwai wasu taurarin da kan yi abokin tafiya a ɓoye."

"Ƙwarai kuwa. Ni na koya muku wannan a aji." Ya gyara zama, malami ya samu ɗaliba. Ya shiga bayanin yadda abokin tafiya ke jan tauraro nesa da kusa, yadda haske ke riga lokaci ko ya makara, da sunayen waɗanda ya kama da irin wannan hali a ƙuruciyarsa. Bayani mai kyau, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ba a katse babba. Agogon ya motsa a wuyan hannunta, saƙon Uwani ne: saura biyar.

Ta jira ya ja numfashi. Da ya ja, sai ta ji bakinta ya ce, "Allah ya ƙara sani, Baba."

Saura uku. Saura biyu. Ta tuna Zubairu a ɗaure a kujerar ɗakin sulke, ya yarda da jerin mahaifinsa, ya yarda da na'urar matarsa, watakila ma yana yi wa na kusa da shi barkwanci. Sai ta ajiye kofin da ƙarfi har shayi ya zube a darduma. Ta ɗaga kai ta dubi tsakiyar idon surukinta, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara goma sha biyu na aurenta.

"Baba, ka yi kuskure. Turke na bakwai yana da abokin tafiya, ƙarya yake yi wa jirgin. In ba ka sa hatimi yanzu ba, Zubairu zai mutu."

Tsohon bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Farin cikin ne kawai ya sauka daga fuskarsa a hankali.

"Nuna mini," ya ce.

"Baba, babu lokaci. Ka sa hannu, daga baya ka gani."

"Rai sittin da huɗu ke rataye a hatimin nan. In ke ce kika yi kuskure fa? Ban taɓa sa hannu a kan abin da ban gani ba, ba kuma yau zan fara ba. Nuna mini."

Gaskiyarsa ce, kuma ita ce gaskiyar da ta fi kowace ɗaci a ranar. Ta kira Rariya ta zuba ma'aunin shekara tara a jikin bango. Sha ɗaya saura minti uku ta zo ta wuce yana tsaye da fensiri, gilashinsa a kan karan hanci. Bai ɓata daƙiƙa ba. Ya bi ɗigon da ido, ya ja layi a takarda, ya raba, ya sake rabawa, da saurin da ba ta zaci ya rage masa ba.

"Shekara shida da wata huɗu suke zagaya juna," ya ce a hankali. "Ga shi nan ɓaro-ɓaro. Ɗan ajin farko ma zai gani." Ya taka zuwa kusurwa, ya ɗora tafinsa a kan na'urar. "Ni ne Barau, mai jerin turaku. A cire na bakwai. Kuskurena ne."

Saƙon ya tashi ƙarfe goma sha ɗaya da minti takwas. Minti goma sha uku ya ɗauka yana dubawa. Saude ba ta so yin lissafin ba, amma kanta ya yi shi da kansa: da ta faɗi maganar tun daga bakin ƙofa, da saƙon ya tafi da ragowar minti uku.

Farfesa ya ɗauki sandarsa ya ce a kai shi ɗakin sadarwa. Rabonsa da hawa na sittin shekara huɗu. Da lif ya buɗe, ma'aikata kusan talatin da suka taru suka miƙe tsaye, wasu suka rusuna. Aka kawo masa kujera, ya ƙi zama. Gyaran zai isa jirgin sha biyu saura minti tara, bayan inji ya riga ya tashi. Amsa kuwa, in akwai mai amsawa, sai wajen sha biyu da rabi da 'yan mintuna. Ba abin da ya rage sai jira, kuma ba a taɓa ƙera injin da ke rage wa mutum nauyin jira ba.

Sha ɗaya da arba'in ta buga. Kowa ya san a daidai wannan lokacin wuta ta kama a bayan Shamuwa. Wani ya fara salati a hankali.

"Ina da tambaya," in ji Farfesa, bai juyo ba. "Ban da Dakta, wa ya san tauraron nan yana zamewa?"

Sai Uwani ta ɗaga hannu, kanta a sunkuye. Wani dattijo mai kula da madubi ya ɗaga. Daga nan hannuwa suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya, har da na waɗanda ba su fi shekara biyu da fara aiki ba. Tsohon ya juyo ya bi su da kallo, ɗalibansa da ɗaliban ɗalibansa.

"Rariya, ke fa?"

"Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya," in ji na'urar.

Ya yi wata 'yar dariya da ba daɗi a cikinta. "Haske ya taso daga wani garke, ya yi shekara dubu ɗari da sittin a hanya, ya same ni. Magana daga hawa na sittin zuwa bayan lambu ta gagara isowa." Ya dubi Uwani. "Dodo ne ni?"

"A'a, Malam. Girmanka muka gani."

"Kun gan shi kuwa," ya ce. Sannan ya zauna a kujerar da ya ƙi.

Sha biyu da rabi ta wuce. Da minti huɗu, da minti goma, ba komai sai shuuu a lasifika. Saude na tsaye ta dafa bango. Ta yi alkawura da yawa ga Ubangiji a waɗannan mintuna, irin waɗanda mutum kan yi in ya ga ramin da ya haƙa da hannunsa. Ɗaya saura minti takwas lasifikar ta yi ƙara, murya ta fito, a gajiye, tana yankewa.

"Cibiya, Shamuwa ne. Zubairu ke magana. Muna raye, mu duka sittin da huɗu."

Ɗakin ya ɓarke da kabbara. Uwani ta rungume Saude tana kuka. Amma muryar ba ta tsaya ba, sai aka yi ta cewa a yi shiru, a yi shiru.

"Gyaranku ya same mu inji ya yi minti goma sha ɗaya yana ci. Kwamfuta ta kashe shi nan take, shi ya hana mu nutsewa. Sai dai man da muka ƙona a inda bai dace ba ya tafi, wanda ya rage ba zai isa Mushtari ya kama mu ba. Mun wuce shi. Ya wurga mu wata doguwar hanya. Mun yi lissafi sau uku, za ta dawo da mu inda za a iya tarye mu nan da shekara bakwai. Injin abinci da na iska za su kai mu in mun tsuke ciki." Sannan ya ce, "A gaishe da Baba, a ce masa ya yi mana addu'a. A shafa mini kan Hansai."

Ba wanda ya dubi Farfesa, don kowa ya haɗa tamanin da huɗu da bakwai a ransa. Shi ma ya haɗa. Ya sa hannu biyu a kan sandarsa ya ɗora goshinsa a kai.

"Saude," in ji muryar, ta sauko kamar su biyu ne kawai a ɗaki. "Na ga sunanki a kan gyaran, na san ke kika cece mu. Amma tun goma da ashirin saƙonmu ya same ku. Da gyaran ya riga haka isowa da minti goma sha ɗayan nan, da yanzu muna masauki, da baɗi ina gida. Mutane suna tambayata, ban san abin da zan ce musu ba. Me ya riƙe ku?"

Saƙon ya ƙare. A bangon gabas Rariya na ci gaba da aikinta, tana zagaye ɗigon haske da jan layi, wannan mai numfashi, wannan mai ɓuya, kamar ba abin da ya faru. Mutanen da suka iya auna bugun tauraro a wani garke suka tsaya cirko-cirko, ba mai iya haɗa ido da wani.

Uwani ta share hawaye ta jawo allon rubutu. "Bari in amsa masa. Sai mu ce an samu tangarɗar na'ura, kafin a tantance..."

"A'a," in ji Saude. "Ba ni."

Ta zauna. Yatsunta suka fara da kansu: bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ta tsaya ta dubi layin, ta goge shi. Ta daɗe hannunta na kan allo, ɗakin duka na jiran ta, surukinta ma ya ɗago kai. Sannan ta rubuta abin da zai yi minti arba'in da uku a hanya kafin ya sami mijinta, ta aika.

"Na iso ƙofar Baba da sauran lokaci. Gaisuwa na tsaya yi."